Gadar da Kunyar Surukai Ta Hana Ginawa

Assalamu alaikum.

Mai girma shugaban wannan taro, wakilin gwamnatin Jihar Arewa maso Gabas, wanda ya sha doguwar hanya daga Maiduguri don ya zauna da mu a gindin tsamiyar nan. Mai girma Alhaji Hamajoɗa, shugaban Majalisar Tudu, Allah ya ƙara maka girma. Mai girma Malam Bobboyi, shugaban Majalisar Gangare, Allah ya taimake ka. Modibbai da limamai, fastoci da dattawan ikilisiya. Ardo da Jauro na kowace unguwa. 'Yan majalisun nan biyu. Malaman makaranta da malaman asibiti. 'Yan kasuwar Jimeta da manoman Mbamoi. Mutanen Rumde da na Ajiya da suka zo kallo. Iyayena mata da ke tsaye can baya cikin rana, waɗanda maganar yau tasu ce ko da yake ba a ba su kujera ba. Jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku, ina yi muku barka da zuwa.

Sunana Hilda Boaz. Ni 'yar Numan ce, amma Jimeta ta riƙe ni tun kafin a sauke tutar Bature, kuma ni ce ungozomar gidan haihuwar da ke bayan makarantar nan, a ƙasar Gangare. Rabin samarin da nake hange a kan katanga ni na fara jin kukansu a duniya, saboda haka yau su yi mini shiru, na ji nasu ya ishe ni.

Ina godiya ga shugaban taro da ya ba ni dama. An ce in yi magana a kan haɗin kai tsakanin ƙananan hukumomin da ke zaune a gari ɗaya, kuma an ce in taƙaita. Zan yi na farkon, na biyun kuwa sai yadda hali ya yi. Ina godiya ga waɗanda suka ɗauko kujeru, da waɗanda suka yayyafa ruwa, da waɗanda suka kori awaki. Godiya ta musamman ga mutumin da ya kafa zana tsakanin kujerar Alhaji Hamajoɗa da ta Malam Bobboyi, domin ba don shi ba da ɗayansu bai zo ba. Na ga baƙonmu na Maiduguri yana ta kallon zanar nan, yana zaton iska ake tarewa. Ranka ya daɗe, ka ɗan yi haƙuri, zan zo kanta.

Abin da ya tara mu yana bayanku. Ku waiwaya. Wannan rafi shi ne Mayel Jaɓɓi, iyakar Tudu da Gangare. Yau a bushe yake, yaro ma zai tsallake shi da ƙafa ɗaya. Amma ku ɗaga kai ku dubi gabas, hadari ya fara haɗowa. In ruwa ya sauka a kan duwatsu, rafin nan ba ya shiguwa da ƙafa, ba ya shiguwa da doki, kwale-kwale ma farfasa shi yake yi. Zagaye ta babbar hanya kuwa, wanda ba shi da mota sai ya wuni. Gidan haihuwa ɗaya muke da shi a duk yankin nan, yana wannan gaɓa. Matan Tudu suna waccan gaɓa. Babu gada. In damina ta faɗi a haka, za mu sake binne mace, kuma na zo ne don kada a yi.

Magana ta farko, yadda muka rasa gada. Lokacin da na zo garin nan hukuma ɗaya ce ke kula da gaɓa biyun, akwai kuma gadar giginya daidai inda kuke ganin kututturan can. Ba kyakkyawa ba ce, tana rawa in jaki ya hau, amma tana kai mutum inda za shi. Da aka tashi gyaran mulki, aka ce a kusantar da hukuma ga talaka, sai aka raba mu gida biyu: daga rafi zuwa duwatsu, ta wajen Yola, na Majalisar Tudu, daga rafi zuwa bakin Binuwai, ta wajen Jimeta, na Majalisar Gangare. Aka raba kasuwa, aka raba rijiyoyi, aka raba kujeru da tebura, har kekunan duba-gari aka raba. Gada ce kaɗai ba a san ta wa ba, tun da kanta na can, ƙafarta na nan. A daminar bara waccan ruwa ya warware mana matsalar, ya ɗauke ta ya kai ta Binuwai, bai tambayi kowa ba.

A wasu garuruwa, in ka ji hukuma biyu sun kasa aiki tare, za ka tarar gaba ce, ko ƙyashi, ko wani ya haɗiye abin da ba nasa ba. Ina so baƙonmu ya koma gida da shaida cewa namu ba haka ba ne. Majalisar Tudu ta zauna, ta ce a yi gada, ba wanda ya ƙi. Majalisar Gangare ta zauna, ta ce a yi gada, ba wanda ya ƙi. Tudu na da dutse da leburori, ba ta da siminti. Gangare na da siminti da rodi da mota, tana da magini, Apollos, ga shi can da hula a hannu, amma ba ta da dutsen da za a jefi kare. Abin da ya rage shi ne shugabanni biyu su zauna, wannan ya ce ga nawa, wancan ya ce ga nawa. Jama'a, ba ƙiyayya ce ta hana mu gada ba, ladabi ne.

Magana ta biyu ke nan, kuma a nan ne zanar ta shigo. Malam Bobboyi yana auren 'yar Alhaji Hamajoɗa, 'yarsa ta fari. Kowa a nan ya sani, baƙo nake yi wa bayani. A al'adar Fulɓe mutum ba ya kallon idon surukinsa, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya kiran sunansa, ba ya buɗe baki inda yake. Babban ma ba a bar shi ya huta ba: in ya ji takun ƙaramin, sai ya kauce, don kada ya takura wa ɗan mutane. Ni ban zo in raina wannan al'ada ba, Allah ya kiyaye. Na zauna cikinku, na ga amfaninta, gidajenku ba a jin hayaniya. Mu a Numan mahaifina ya taɓa bin mijina da sanda har bakin kogi a kan maganar akuya, kuma da yamma suka ci tuwo a ƙwarya ɗaya. Kowa da irin tasa tarbiyyar. Amma wanda ya zana iyakar majalisun nan bai tambayi wa ke auren 'yar wa ba.

Akwai ranar da motocin shugabannin nan biyu suka yi kiciɓis a kan hanyar Yola. Ina cikin motar haya a bayansu, da idona na gani. Malam Bobboyi ya sa direba ya tsaya, ya fito, ya tuɓe takalma, ya cire tabarau, ya tsuguna a gefen hanya ya fuskanci jeji. Alhaji kuma ya juya kansa ɗaya wajen, ya ce wa nasa direban ya taka mota, don kada yaron mutane ya daɗe a tsugune cikin ƙaya. Motar ta wuce, Malam ya tashi ya karkaɗe riga. A iya sanina, wannan shi ne zama mafi tsawo da majalisun nan biyu suka taɓa yi kafin yau.

Wani zai ce, to, su rubuta wa juna mana. An gwada. Malam Bobboyi ya ɗauki alƙalami, ya zo inda ake sa sunan wanda ake rubuta wa, ya ajiye alƙalamin. Wani zai ce mataimakansu su zauna. Mataimakin Tudu ƙanen Alhaji ne, mataimakin Gangare ƙanen Malam ne, su ma surukan juna ne. Kunyar nan ta gangaro daga sama har kan masu shara, ta yadda in mai sharar Tudu ya hangi mai sharar Gangare, sai kowa ya sunkuyar da kai ya share nasa gefen.

Sai aka koma kan masinja, Ɗanburam, ga shi nan tsugune kusa da zana. Ɗanburam mutumin kirki ne, ba ya ƙarya, ba ya cin aike, ƙafarsa ba ta gajiya. Aibinsa ɗaya, shi ma an yi masa tarbiyya. Wata rana na tare shi a bakin rafi yana dawowa daga Tudu da zabo a hammata.

Na ce, “Ɗanburam, me aka aike ka ka faɗa?”

Ya ce, “Dada, an ce in ce ana neman dutse.”

Na ce, “To, me ka faɗa?”

Ya ce, “Na ce ana gaisuwa.”

Na ce, “Dutsen fa?”

Ya ce, “Haba, Dada! In shiga zauren Alhaji in ce surukinsa na roƙon dutse? Da wane bakin? Amma fa na ɗan taɓo maganar. Na ce bana yashi ya yi mana yawa a Gangare.”

Na ce, “Alhaji ya ce me?”

Ya ce, “Ya ce Allah ya kyauta, ya ba ni zabo.”

Haka aka yi ta yi. Magana ta fita daga nan da siminti a cikinta, ta isa can ta zama gaisuwa. Ta fito daga can da dutse a cikinta, ta iso nan ta zama ban gajiya. Ɗanburam yanzu yana da garken zabi, Allah ya sa albarka.

Magana ta uku, yadda kowannensu ya yi ƙoƙari, domin kada a ce sun zauna sun naɗe hannu. Da Malam Bobboyi ya ga baki ba zai yi ba, sai ya ce aiki ya yi magana. A ranin da ya wuce ya cika mota da siminti, ya ce a kai ƙofar Alhaji a sauke, kada a ce komai, dattijo zai gane. Alhaji ya fito ya ga siminti daga gidan suruki, ba saƙo, ba bayani. To, abin da suruki ya aiko shiru, gaisuwa ce. Dattijo kuma ba ya tambayar suruki wannan na mene ne, ba ya kuma cin moriyar gaisuwar shi kaɗai, sai a ce yana da kwaɗayi. Ya sa aka yi wa masallacin unguwa daɓe, aka ɗaure bakin rijiyoyi. Na je na gani, aiki ya yi kyau, ba zan ɓoye ba.

Alhaji kuma yana da nasa tunanin. Ya ce ga dama ta samu: zan mayar da tukwici da dutse, yaro mai ilimi ne, zai gane na gada ne. Leburorin Tudu suka fasa dutse mai kyau, aka loda, aka kawo ƙofar ofishin Gangare aka sauke, ba a ce komai ba. Malam Bobboyi ya fito ya ga dutse daga hannun surukinsa. Jama'a, ku da kuka san al'ada ku gaya mini, wa zai ɗauki kyautar surukinsa ya zuba a rafi jakuna su taka? Ya sa aka wanke duwatsun, aka shafa musu farar ƙasa, aka jera su daga ƙofar ofis har bakin titi. Suna nan. Kullum da safe ana share gindinsu, ba a barin kowa ya zauna a kai. Siminti ya haye zuwa Tudu, dutse ya haye zuwa Gangare, mace mai naƙuda ce kaɗai ba ta sami hayewa ba.

Na ji kuna dariya. Ku yi, ni ma na yi tawa a lokacin. Yanzu sai ku saurari magana ta huɗu.

A daminar bara, tsakar rana, ana cikin rana mai kyau bayan ruwan safe, aka zo aka ce mini ana kirana a bakin rafi. Na ɗauki jakata na zo nan, daidai inda nake tsaye. Mayel Jaɓɓi ya cika har gindin tsamiyar nan, yana tafe da itatuwa. A waccan gaɓar maza huɗu sun sauke ƙyauren ƙofa, a kansa akwai Na'inna, matar wani manomi daga Tudu. Tare da ita akwai Gogo Fadimatu, ungozomar gargajiya ta can, wadda ta girme ni a aikin nan kuma ba ta taɓa kirana a banza ba. Mata suka kewaye su da zannuwa. Na'inna ta haihu a nan kan yashi, ɗa namiji, na ji kukansa sama-sama. Sai jini ya ɓalle.

Gogo ta fito daga cikin zannuwan ta ɗaga mini hannuwanta biyu don in ga launinsu. Na yi ihu na gaya mata abin da za ta yi. Ruwa ya cinye muryata. Na nuna mata da hannu a kan cikina, ta gane, ta koma ta yi. Allurar da ke tsayar da jini tana cikin jakata. Apollos ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga, ruwa ya maka shi da dutse, da kyar aka jawo shi, har yau kafaɗarsa ba ta koma daidai ba. Aka ɗaure allurar a tsumma aka jefa, ta faɗa ruwa. Aka jefa ta biyu, ta faɗa ruwa. Ba ni da ta uku. Ina tsaye ina kallo, kusa ƙwarai, har ina iya ganin adon zanen da aka rufe ta da shi. Can Gogo ta fito ta zauna a ƙasa, ba ta ɗaga hannu ba. Na yi shekaru a aikin nan, na ga mutuwa iri-iri, amma ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan rana ba, kuma har yau bai sake ni ba. Ina jin haushi, jama'a. Ba zan yi muku kara ba, ina jin haushi.

Shugabanninmu biyu sun je ta'aziyya, Allah ya ba su lada. Alhaji ya je da safe, Malam ya je da la'asar. An tsara abin tsaf, an aika an tambaya, an sa mai gadi a hanya, don kada su haɗu a ƙofar gidan mamaciya. Wannan ya nuna mini majalisun nan sun iya aiki tare. A kan tsara yadda ba za su haɗu ba, ban taɓa ganin sun yi kuskure ba.

To, me za a yi? Ban zo in ce suruki ya kalli idon surukinsa ba. Wanda ya ce haka bai san inda yake ba. Na zauna da Gogo Fadimatu, ni a wannan gaɓa, ita a waccan, mun saba magana da ƙarfi, muka duba al'adar taku, muka ga ashe tana da ƙofa. Wane saurayi ne a ƙasar nan bai taɓa tara abokansa ya kai gayya gonar surukinsa ba? Ya zo da sassafe da mutanensa da kayan aikinsa, ba ya sallama, ba ya neman izini, ya duƙa ya yi aiki. Mai gona ba ya fitowa, ba ya godiya, sai dai ya turo yaran gidansa su taya, ya aiko da fura da tuwo. Rana ta faɗi, kowa ya watse, gona ta nomu, ba wanda ya ga idon wani.

Saboda haka ga shawarata. Malam Bobboyi ya kai wa surukinsa gayya. Gonar ita ce bakin rafin nan. Abokansa su ne ma'aikatan Majalisar Gangare, fartanyarsu siminti da rodi da mota, Apollos a gaba. Alhaji kada ya fito. Ya turo yaran gidansa, wato leburorin Majalisar Tudu, kowa da dutse a ka. Sabon dutse fa, na ƙofar ofis a bar su inda suke, sun riga sun zama manya. Apollos ya ce in an fara a makon nan za a zuba kan gada kafin ruwa ya zauna a rafi, in aka wuce haka sai baɗi. Idan an gama, malaman ofis na nan da na can su kira shi aikin haɗin gwiwa, mu kuma mu kira shi gayya, gada ba ta damu da sunan da aka sa mata ba.

Bayan wannan, ina roƙon a kafa ɗan ƙaramin kwamiti na dindindin, mutum biyu daga nan, biyu daga can, da zai riƙa kula da duk abin da ya ratsa iyaka: gada, da magudanar ruwa, da allurar rigakafi, da mahaukacin kare, domin cuta da kare ba su san inda Tudu ta ƙare ba. Sharaɗi ɗaya, kada a sa waɗanda aure ya haɗa. Na bincika, akwai irin waɗannan mutane, ko da yake ba su da yawa. Shi kuma baƙonmu, in ya koma Maiduguri, ya gaya wa masu zana iyaka cewa gari ɗaya ne ko an tsaga shi, mutanensa kasuwa ɗaya suke ci, ruwa ɗaya suke sha, 'ya'yan juna suke aure, kuma wanda ya raba hukuma wajibi ne ya bar mata hanyar da za ta yi magana da 'yar'uwarta.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce mai nauyi. Iyayena, ku gafarce ni, zan faɗi abin da ba a faɗa a bainar jama'a. An ba ni izini, mai maganar ce da kanta ta ba ni.

Akwai wata baiwar Allah, malamar makarantar 'yan mata, wadda mahaifinta ba ya kiran sunanta domin ita ce ta fari, mijinta kuma ba ya kiran sunanta a gaban mutane domin kunya. Ni zan kira. Sunanta Asta. Gidan mijinta yana nan Gangare, katanga ɗaya tsakaninsa da gidan haihuwa, in ta yi tari ina ji. Tana ɗauke da cikin fari, kuma haihuwar tsakiyar damina za ta faɗo. Al'ada ta ce haihuwar fari a gidan iyaye ake yi. Saboda haka a makon jiya aka yi abin da ya kamata, aka haɗa mata kaya, aka raka ta da mutunci, aka tsallake da ita busasshen rafin nan, aka kai ta goyon ciki gidan mahaifinta a Tudu. An ɗauke ta daga jikin katangata an kai ta gaɓar da Na'inna ta kwanta. Ba wanda ya yi laifi, kowa ya bi ƙa'ida.

Na je na duba ta shekaranjiya. Ƙafafunta sun kumbura, kuma kwanciyar ɗan ba ta yi mini ba. Haihuwa ce da nake so a yi a gabana, da kayan aikina kusa. Da na tashi tafiya ta riƙe mini gefen zane.

Ta ce, “Dada Hilda, an ce za ki yi magana a taro.”

Na ce, “Haka ne, 'yata.”

Ta ce, “Baba zai zo?”

Na ce, “Zai zo.”

Ta ce, “Malam fa?”

Na ce, “Shi ma zai zo, an nemi zana.”

Ta yi 'yar dariya, sai ta daina. Ta ce, “Ni ba zan iya gaya wa Baba ba, ba zan iya gaya wa Malam ba. Kullum da yamma ina fita tsakar gida ina kallon gabas. Ki gaya musu ina jin tsoro.”

Alhaji, Allah ya ƙara maka girma, na gaya maka. Malam, Allah ya taimake ka, na gaya maka. Ban rage ba, ban mayar da shi gaisuwa ba.

Mai girma shugaban taro, ina neman izini in sa shawarar gayya a gaban shugabannin nan biyu yanzu, tun ana tare. Ba na neman wani ya ce ya yarda, na san ba zai yiwu ba. Abin da nake cewa shi ne, a cikin su biyun, duk wanda bai yarda a fara aikin nan jibi da sassafe ba, ya buɗe baki ya faɗa yanzu, a gaban ɗan'uwansa, da murya mai ƙarfi yadda za a ji ta bayan zana.

Ina saurare.

Ina dai saurare. Jama'a, kun ji wani abu? Mata na baya, kun ji? Ranka ya daɗe, ka shaida, ba a sami mai tsayayya ba, majalisu biyu sun amince baki ɗaya. Apollos, sa hularka, ka je ka duba mota.

Ku dakata, ga Ɗanburam ya taso daga gefen Alhaji, wai yana da saƙo a kunnena. Matso. Ɗaga murya kaɗan, kunnen ya tsufa.

To. Ya ce in amsa a asirce, amma na gaji da asiri, a gafarce ni. Alhaji ne ke tambaya. Bai ambaci suna ba. Cewa ya yi, “Yarinyar nan, tana dai cin abinci?”

Tana ci, Alhaji, amma kaɗan. Tana cikin gidanka, ɗakinta na kallon zaurenka. In ka koma yau, ba sai ka kira sunanta ba, ba sai ka ce komai ba. Ka tsaya a bakin ƙofar ɗakin ka yi gyaran murya, ta san kana nan.

Allah ya riƙe ruwan sama har mu zuba kan gada, in ya sake shi kuma ya sa ya zama na albarka. Allah ya ƙarfafa hannun magina da wuyan masu ɗaukar dutse. Allah ya ba shugabanninmu biyu tsawon rai, ya bar musu kunyarsu, ya ƙara musu da dabara. Allah ya ji ƙan waɗanda muka rasa, ya raya marayunsu. Allah ya zaunar da Yola da Jimeta lafiya, Musulmi da Kirista, na tudu da na gangare. Allah ya mayar da baƙonmu gida lafiya, ya mayar da kowa ɗakinsa lafiya. Allah ya sauki duk mai ciki lafiya, ya sauki Asta lafiya, a hannuna, a wannan gaɓa.

Iyakar abin da ke bakina ke nan. Na gode.